Inganci da Ƙarkon Zarto Mai Sarƙa da Sauran Kayan Aiki Masu Batir

Duk wanda ya shiga shagon sayar da kayan aikin hannu a Jamus ko Ingila ko Amurka a 'yan shekarun nan, zai tarar yawancin injinan da aka jera a kan kanta ba su da wayar da ake jonawa a bango, ba su kuma da tankin mai. Injin huda, da na ɗaure sukuru, da na goge ƙarfe, da na tsaga katako, har da zarto mai sarƙa wanda ake kayar da bishiya da shi, duk batir ne ke tafiyar da su. Kafinta da magini da ma'aikacin gandun daji sun yi na'am da wannan sauyi saboda sauƙin da ya kawo musu. Amma akwai tambayar da ba ta barin bakinsu, wato shekara nawa abin zai yi kafin a jefar da shi a juji. Tambayar tana da nauyi, domin wanda ya zuba ladan aikinsa na wata guda ko fiye a kan inji da batura da caja, jarinsa ne ya ɗaure a ciki, in sun mutu da wuri sana'arsa ce za ta tsaya.

Akwai kalmomi biyu da za a riƙa cin karo da su a nan, kuma ma'anarsu ba ɗaya ba ce. Inganci shi ne kyawun ƙira da nagartar kayan da aka yi abu da su, wanda mai ido zai iya ganewa tun ranar saye. Ƙarko kuwa shi ne daɗewar abu yana aiki bai lalace ba, kamar yadda ake cewa takalmi ko yadi yana da ƙarko, kuma wannan sai lokaci ya nuna. Inganci yakan haifi ƙarko, sai dai irin riƙon da aka yi wa inji da yanayin ƙasar da yake aiki a cikinta suna da nasu rabo mai yawa.

Asalin injinan

Jamus tana cikin ƙasashen farko da aka ƙera zarto mai sarƙa don aikin itace. A shekarar 1926 Andreas Stihl ya ƙera wanda ke aiki da lantarki a Stuttgart, a 1927 kuma Emil Lerp, wanda ya kafa kamfanin Dolmar a Hamburg, ya fitar da mai amfani da fetur. Injinan farko suna da nauyi ƙwarai, sai mutum biyu ke iya riƙe su. Irin sarƙar da ake amfani da ita har yau ta samo asali daga Joseph Cox, wani ma'aikacin daji a jihar Oregon ta Amurka, wanda ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro ke gaigayar itace da muƙamuƙai masu lanƙwasa, ya kwaikwayi siffarsu, ya fara ƙera sarƙarsa a 1947. Kamfanin Husqvarna na Suwidin, wanda ya faro a matsayin maƙerar bindigogi tun 1689, ya shiga harkar a 1959.

Kayan batir sun zo daga baya. Black & Decker ya fitar da injin huda marar waya a 1961, da batir ɗin nikel da kadmiyam, mai nauyi da saurin ƙarewa. Abin da ya sauya al'amura shi ne batir ɗin litiyam, wanda Sony ya fara sayarwa a 1991. Bosch ya sa shi cikin ɗan ƙaramin injin ɗaure sukuru a 2003, Milwaukee da Makita suka biyo da manyan kayan ma'aikata a 2005, Stihl kuma ya fitar da zartonsa na batir na farko a 2010. Daga nan tafiya ta miƙa. Jihar Kalifoniya ta kafa doka a 2021 don kawo ƙarshen sayar da sababbin ƙananan injinan lambu masu hayaƙi, Makita kuwa, wanda ya sayi Dolmar tun 1991, ya daina ƙera injina masu amfani da fetur a watan Maris na 2022.

Abin da aka cire da abin da aka ƙara

Zarton fetur yana da sassa da yawa masu neman kulawa: fistin da zobensa, da filogi, da kafireto, da matatar iska, da igiyar tayarwa, da tiyon mai, da salansa. Sai an gauraya fetur da man inji, galibi kashi 50 na fetur da kashi 1 na mai, in aka yi kuskure a gaurin fistin ya ƙone. In aka ajiye injin watanni da tsohon fetur a ciki, kafireto ya toshe. Zarton batir ya rabu da duk wannan. Ana iya ajiye shi damina guda, ran da aka ɗauko aka danna kunama ya tashi. Ta wannan fuska ya fi na fetur aminci nesa ba kusa ba, musamman ga wanda ba kullum yake yanka ba.

Zuciyar kowane injin batir ita ce ɓangaren da ke mayar da wuta juyi, kuma iri biyu ce. A tsohuwar ƙira, kwayil ne ke juyawa, yana samun wuta ta wasu 'yan sandunan gawayi biyu da ake kira burushi, waɗanda ke gogar sa kullum. Gogayyar tana cinye burushin, tana haifar da tartsatsi da zafi. Sai dai burushi abu ne mai araha, kowane mai gyara yana iya sauya shi, in kwayil ya ƙone ma akwai masu naɗa shi. A sabuwar ƙira, wadda ake kira marar burushi, kwayil a tsaye yake, maganaɗisu ne ke juyawa, wani ɗan allon lantarki kuma shi ke aika wuta zuwa kwayil ɗaya bayan ɗaya cikin sauri. Ba abin da ke gogar wani in ban da boris biyu da sandar ke juyawa a kansu. Irin wannan inji ya fi ƙarfi, ya fi tattalin batir, kuma shi ake sa wa kusan kowane zarton batir na kirki.

Abin lura shi ne raunin bai ɓace ba, wurin zama ya sake. Ya tashi daga burushi ya koma kan allon lantarki. Allon nan ba ya son zafi, ba ya son danshi, ba ya son girgiza, ba ya kuma son ƙurar ƙarfe. Don haka kamfanoni masu kula suke zuba masa wani ƙaro mai kauri da ke daskarewa ya lulluɓe shi gaba ɗaya. Ƙaron yana kare allon, amma kuma yana hana gyara, domin ba a iya tono ƙaramin abin da ya ƙone a sauya shi kaɗai. A injina da yawa allon da kwayil da makunni a haɗe ake sayar da su, kuɗinsu kuma yakan kusa kai na sabon inji. Ke nan tsohon inji yana yawan ciwo amma yana jin magani, sabon kuwa ba ya yawan ciwo, ran da ya kwanta kuma da wuya ya tashi.

Gangar jiki

Sau da yawa mai saye yakan ɗauki inji ya ji roba ce, sai ya yanke hukuncin cewa ba shi da ƙwari. Wannan hukunci akwai gaggawa a cikinsa, domin roba iri-iri ce. In aka buɗe jikin inji mai inganci, akan ga an buga wasu haruffa a ciki, kamar PA6-GF30. Ma'anarsu ita ce robar nailan ce da aka cuɗa da zaren gilas kashi 30 cikin ɗari. Irin wannan tana jure faɗuwa da zafi da mai, ba ta ɗaukar wuta zuwa hannun mai aiki, ga ta kuma da rashin nauyi. Roba mai araha kuwa takan yi ƙyalli a shago, amma rana tana busar da ita, sanyi yana sa ta tsage. A zarton ƙwararru, wurin da aka ɗaure harshen zarto akan yi shi da maganiziyam ko a ƙarfafa shi da ƙarfe, saboda nan ne duk ƙarfin yanka ke taruwa.

Ƙananan abubuwa su ke tona asirin ƙira. Akwai bambanci tsakanin sukurun da ke shiga cikin gurbin ƙarfe da wanda ke cin roba kai tsaye, domin na biyun in aka kwance shi sau uku ko huɗu ya daina kamawa. Akwai bambanci tsakanin giyar ƙarfe da giyar roba a cikin injin huda, da tsakanin boris rufaffe da buɗaɗɗe. Haka nan wurin da batir ke zama: in yana lilo a gurbinsa, girgiza za ta riƙa haddasa tartsatsi a bakin mahaɗar, ta ƙona ta a hankali. A zarto ma, murfin da ake ɗaurewa da noti biyu na ƙarfe ya fi daɗewa a kan wanda ake murɗawa da hannu ba tare da sifana ba, ko da yake na hannun ya fi daɗin aiki.

Sarƙa da harshe da mai

Batir bai sauya komai ba a ɓangaren da ke cin itace. Har yanzu sarƙa ce mai haƙora ke zagaya wani dogon fallen ƙarfe, wanda za a kira harshe a nan, wani faifai mai haƙora kuma yana jan ta. A zarton ƙwararru gudun sarƙar yana kai mita 20 a daƙiƙa ɗaya ko fiye. Waɗannan sassa uku an yi su ne don su cinye a sauya su, kuma cinyewarsu ba alamar rashin inganci ba ce. Masu sana'ar suna da ƙiyasi: harshe ɗaya yakan ci faifai biyu da sarƙa huɗu. Wanda ya ɗora sabuwar sarƙa a kan faifan da ya riga ya cinye, sarƙar ba za ta yi kwana da yawa ba.

Domin a yi tattalin batir, akan sa wa zarton batir siririyar sarƙa, wadda kaurin ƙafarta a cikin kwararon harshe milimita 1.1 ne a maimakon 1.3 ko fiye. Siririn yanka ba ya cin wuta da yawa. Amma siririn harshe yana saurin lanƙwasa in itace ya matse shi, mai aiki kuma ya yi ta fizga.

Babu abin da ke kashe zarton batir da wuri kamar dakusasshiyar sarƙa. Sarƙa mai kaifi tana jan kanta cikin itace, tana fitar da ɓarɓashi manya-manya. In ta dakushe sai ta riƙa fitar da gari mai laushi, yanka ya karkace, mai aiki ya shiga dannawa da ƙarfi. Dannawar nan tana sa injin ya ja wuta fiye da kima, kwayil da allo da batir duk su ɗauki zafi lokaci guda. Ana wasa haƙoran da zagayayyen magagari, galibi a kusurwa mai digiri 30, kuma a gaban kowane haƙori akwai ɗan tudu da ke ƙayyade zurfin cizo, wanda ya kamata ya zauna ƙasa da bakin haƙorin da kimanin milimita 0.65. In tudun ya yi tsawo sarƙa ba ta ci, in aka goge shi da yawa kuma zarto ya riƙa fizga da tutsu. Taɓa ƙasa sau ɗaya ya isa ya kashe kaifi, haka ma ɓawon da yashi ya maƙale a cikinsa. Busasshen itace mai tauri irin ƙirya ko marke yana cin kaifi da batir fiye da ɗanyen itace mai laushi, saboda haka adadin yankan da kamfani ya rubuta a jikin kwali, wanda galibi a kan itace mai laushi aka gwada, ba shi za a samu ba.

Mutane da yawa suna mamaki in aka ce zarton batir yana shan mai. Injinsa ba ya sha, amma sarƙarsa tana sha. Akwai ɗan tanki da ƙaramin famfo da ke ɗiga mai cikin kwararon harshe, kuma famfon nan yana cikin sassan da suka fi saurin ba da matsala, domin garin katako yana toshe ƙofarsa. Baƙin man da aka juye daga mota bai dace da shi ba, saboda ɓarɓashin ƙarfen da ke ciki yana cinye famfo da harshe. Wani abu kuma da ake mantawa: sarƙa tana saki in ta yi zafi. In aka ɗaure ta tam da zafinta aka ajiye, to da ta huce za ta tsuke ta ja sandar inji da boris, don haka ake sassauta ta bayan aiki. Kafin a taɓa sarƙa da hannu kuwa, a cire batir. Zarton fetur yana sanar da kowa cewa a kunne yake, na batir shiru yake yi alhali a shirye yake.

Batir

A nan ne yawancin kuɗin suke, a nan ne kuma ƙarkon kayan gaba ɗaya ya rataya. In aka buɗe akwatin batir za a ga ƙwayoyi masu siffar gora a jere. Waɗanda aka fi sani su ne 18650, masu faɗin milimita 18 da tsawon milimita 65, da kuma 21700, masu faɗin 21 da tsawon 70. Wasu sababbin batura suna amfani da ƙwayoyi shimfiɗaɗɗu kamar ambulan. Kowace ƙwaya tana ba da kimanin bolt 3.6. In aka jera biyar, kan wannan a gindin waccan, sun zama bolt 18, in goma ne bolt 36. Abin da ake sayarwa a Amurka da sunan bolt 20 shi ne ake sayarwa a Turai da sunan bolt 18: ƙwayoyi biyar ne duka, ɗaya ya auna su lokacin da suke cike, ɗayan ya auna su a tsakiyar aiki. Akasarin kamfanonin kayan aiki ba su ke ƙera ƙwayoyin ba, saye suke yi daga irin su Samsung da LG da Panasonic da Murata.

Ana sanin yawan wutar da batir ke ɗauka ta hanyar ninka bolt da amfiya-awa. Batir mai bolt 36 da amfiya-awa 5 yana ɗauke da wat-awa 180. Zarton da ke jan wat 1,500 zai shanye wannan cikin minti 7 da 'yan daƙiƙoƙi in yana yanka ba tsayawa. A zahiri yakan kai fiye da haka sosai, domin ba ya cin komai tsakanin yanka da yanka. Rabin litar fetur kuwa tana ɗauke da kimanin wat-awa 4,500, kuma ko da yake ƙaramin injin fetur ba ya mayar da ko kashi ɗaya cikin huɗu na wannan zuwa aiki, abin da ya rage ya ninka na batir sau da dama. Wannan ne dalilin da ya sa masu kayar da manyan bishiyoyi a cikin daji wuni guda har yanzu da yawansu ba su rabu da fetur ba, yayin da masu sassabe rassa a cikin gari da masu aikin gini suka koma batir.

Lissafin yana kuma bayyana dalilin da ya sa zarto ke son bolt mai yawa. Don a samu wat 1,500 daga bolt 18, sai an ja amfiya fiye da 80. Daga bolt 36 kuwa kimanin 42 sun isa. Zafin da ke tashi a cikin waya ba ninki biyu yake yi ba in amfiya ta ninka, ninki huɗu yake yi. Shi ya sa Makita ya ƙera zarto mai ɗaukar batir biyu na bolt 18 a jere, wasu kamfanoni kuma suka tafi bolt 54 ko 56 ko 80. Haka nan babban batir ya fi ƙarami jure aiki mai nauyi. Mai amfiya-awa 2 na bolt 18 ƙwayoyi biyar gare shi, mai amfiya-awa 5 kuwa goma, a layi biyu, kowane layi yana ɗaukar rabin kaya. Ɗora ƙaramin batir a kan zarto kamar ɗora wa ɗan jaki kayan raƙumi ne.

Batir ɗin litiyam yana tsufa ko ana aiki da shi ko ba a yi. Mai kyau yakan yi ɗaruruwan caji kafin ƙarfinsa ya ragu a fili, amma abubuwa uku suna gaggauta tsufansa: zafi, da zama a cike na tsawon lokaci, da zama fanko har ƙwayoyin su faɗi ƙasa da inda caja za ta karɓe su. Don haka kamfanoni ke ba da shawarar a ajiye shi da kusan rabin caji a wuri mai sanyi, a bar shi ya huce bayan aiki kafin a ɗora a caja. Mazauna ƙasashen sanyi suna da tasu matsalar: in aka yi wa batir caji alhali sanyinsa ya kai na ƙanƙara, litiyam yana taruwa a inda bai kamata ba a cikin ƙwaya, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Kowane batir na kirki yana da na'urar auna zafi da allon da ke yanke wuta in abu ya wuce iyaka, a cikin batir ɗin ko a cikin inji da caja. In zarto ya tsaya da kansa a tsakiyar aiki mai zafi, kare kansa yake yi. Mai hikima ya ba shi hutu.

Zafi da ƙura

An ƙera yawancin injinan nan ne da yanayin Turai da Japan da Arewacin Amurka a zuci. Takardun da ke zuwa da caja galibi suna cewa kada a yi caji in zafi ya haura digiri 40 ko kusa da haka. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai da Injamena da Khartum da Makka, zafin inuwa yana wuce wannan a lokacin bazara, balle cikin rufaffiyar mota ko shagon kwano. Batir ɗin da zai yi shekaru a Landan yana iya gajiya da wuri a irin waɗannan garuruwa in ba a nema masa inuwa ba, a kuma riƙa yi masa caji da dare ko da sassafe. Ƙurar hunturu ita ma tana shiga ta kafofin iska, ta toshe hanyar da fanka ke sanyaya inji.

Akwai ma'auni na duniya da ke nuna kariyar inji, wanda ake rubutawa da haruffan IP da lambobi biyu. Lambar farko ta ƙura ce, daga 0 zuwa 6, ta biyu kuma ta ruwa. Zarton batir da yawa suna ɗauke da IPX4. Lambar 4 tana nufin yana jure yayyafi da fantsamar ruwa, ba nutsewa ba. Harafin X kuwa yana nufin ba a ba shi lamba ta fuskar ƙura ba sam. Ga wanda zai yi aiki a ƙasar da ƙura ta fi ruwa yawa, lambar da ta fi shafarsa ita ce ba a rubuta ba.

Suna da jabu

Sunan da ke jikin inji ba koyaushe yake nuna maƙerarsa ba. Kamfanin Techtronic na Hong Kong shi ke da Milwaukee tun 2005, shi ne kuma ke ƙera kayan Ryobi da ake sayarwa a Amurka da Turai. DeWalt da Black & Decker gida ɗaya ne. EGO da Skil na kamfanin Chervon ne na ƙasar Sin. Kusan kowane gida yana da kaya hawa biyu, na masu aikin gida jefi-jefi da na ma'aikata masu aikin kullum. Bosch ma ya raba su da launi a Turai, kore na gida, shuɗi na ma'aikata. Injin gida ba mugu ba ne in an ajiye shi a matsayinsa. Matsala tana zuwa ne in aka shigar da shi aikin kwangila, kuma garantin kayan gida yakan faɗi da zarar an yi sana'a da su. Rubutun “ƙirar Sin” shi kaɗai ba ya nuna komai, domin manyan sunaye ma a can suke ƙera kaya masu yawa. Abin dubawa shi ne wa ya tsara, wa ya duba, kuma wa zai amsa in abu ya lalace.

Jabu ya fi yawa a ɓangaren batir, kuma lissafi kaɗan yana kama shi. Ƙwayar 18650 ta gaskiya ba ta wuce kimanin amfiya-awa 3.5, waɗanda ke jure jan wuta mai ƙarfi ma sukan tsaya a 3 ko ƙasa. Saboda haka akwatin bolt 18 da bai fi ɗaukar irin ƙwayoyin nan goma ba, in aka rubuta masa amfiya-awa 9, ƙarya ce. Haka ɗan injin huda mai ƙwayoyi biyar da aka rubuta wa bolt 88 ko fiye. Jabun batir yakan fi na gaskiya rashin nauyi, a ciki kuma akan tarar da tsofaffin ƙwayoyi da siraran mahaɗai, wani lokaci babu na'urar auna zafi. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, a nan kuwa abin ya wuce rashin ado, domin ƙwayar litiyam in ta kama da wuta tana kunna ta kusa da ita, kuma kashe ta da wuya. Batir ɗin da ya kumbura, ko ya tsage, ko yake wari, ba a sake ɗora shi a caja, ba a kuma kwana da shi a ɗaki.

Wanda ya sayi inji ya ɗaura aure da batir ɗin kamfanin, domin kusan kowane kamfani da irin bakin mahaɗarsa. In kamfani ya daina yin wani batir, injina lafiyayyu sun zama marayu. Haka ta faru da kayan nikel da kadmiyam masu yawa, waɗanda Tarayyar Turai ta rufe ƙofar sayar da baturansu na kayan aiki a ƙarshen 2016. Wasu sun yi ƙoƙari a nan: Ryobi bai sauya bakin batir ɗinsa na bolt 18 ba tun 1996, Makita kuma yana kan na 2005. Metabo ya jagoranci wani ƙawance a 2018 inda kamfanoni da dama suka yarda da batir iri ɗaya, Bosch ma ya kafa nasa. Dokar batura ta Tarayyar Turai ta 2023 ta tanadi cewa daga Fabrairun 2027 dole mai kaya ya iya cire batir ɗin kayansa ya sauya da kansa, sai dai ba ta tilasta wa kamfanoni su yi baki ɗaya ba. Saboda haka tambayar da ta fi ta farashi muhimmanci ita ce ko ana samun batir da sarƙa da faifai da famfon mai na wannan inji a garin da zai yi aiki, da kuma wanda ya iya buɗe shi.

Mazauna Turai da Amurka sukan sayi irin kayan nan su aika wa 'yan'uwa a gida, wasu kuma suna shigowa kasuwa a matsayin gwanjo. Jiragen sama ba sa yarda a sa batir ɗin litiyam da ba a jikin inji yake ba cikin kayan da ake aunawa, sai dai a jakar hannu. Wanda bai wuce wat-awa 100 ba yana wucewa, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi, abin da ya haura haka kuwa fasinja ba ya tafiya da shi. Batir mai bolt 18 da amfiya-awa 5 wat-awa 90 ne, ya tsallake. Na zarto mai wat-awa 180 bai tsallake ba. Garanti ma galibi ba ya ƙetare iyakar ƙasar da aka yi sayen. Sannan a duba rubutun da ke ƙarƙashin caja tun kafin a rufe akwati: yawancin waɗanda ake sayarwa a Amurka da Kanada na bolt 120 ne kawai, wutar Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru kuwa tsakanin 220 da 240 take, kuma in aka jona irin wannan caja a bango ba tare da taransifoma ba, nan take za ta ƙone.